Yadda Ake Ceto Karen Jaman Shefad da Aka Yasar, a Yi Jinyarsa, a Nema Masa Gida

A bayan gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja, can lungun da ake ajiye janareta da tsofaffin tayoyi, za ka tarar da kare ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku uku ba. Galibi Jaman Shefad ne, wanda mutanenmu ke kira karen 'yan sanda, wasu kuma Alseshan. An sayo shi yana kwikwiyo a makon da ɓarayi suka haura gidan maƙwabci, an yi ɗokinsa na wata biyu, daga nan aka bar wa maigadi. Shi kuwa maigadi tsoronsa yake ji, da sanda yake tura masa ƙanzo daga nesa. Wani kuma canjin wurin aiki aka yi wa maigidan, ya tashi ya bar kare a kango. Irin waɗannan karnuka nake magana a kai, da yadda mutum biyu ko uku masu niyya za su fitar da su daga wannan hali ba tare da an ji wa kowa ciwo ba, kuma ba tare da karen ya sake faɗawa gida irin wanda ya baro ba.

Za a tambaye ka, kuma tun daga cikin gidanku za a fara: duk aikin alherin da ke duniya, sai kare? Ni abin da nake tunawa shi ne hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai jin ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Addini ya yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Bai yarda a ɗaure shi a rana ba ruwa ba.

Dalilin tsayawa a kan jinsi ɗaya kuwa shi ne ƙwarewa. Wannan kare ba irin namu na gida ba ne da ya saba da zafi da kaska. A Jamus aka fitar da shi, wani tsohon hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma don kiwon tumaki a ƙasar sanyi aka yi shi. Gashinsa hawa biyu ne. Namiji kan kai kilo 30 zuwa 40, mace 22 zuwa 32. Yana da cututtukan da suka fi kama shi, yana da halin da ya fi lalacewa idan an kulle shi. Idan ka yi jinyar guda uku, na huɗun daga tafiyarsa za ka gane abin da ke damunsa.

Abin da za ka tanada tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka je ɗauko kare sai ka tanadi abu huɗu: likitan dabbobi da ya san da kai kuma zai ɗaga wayarka, wurin ajiya, abokin aiki, da allurar rigakafin haukan kare a jikinka kai kanka. Wannan ta ƙarshen mutane suna raina ta. Akwai allurar da ake yi wa masu hulɗa da dabbobi tun kafin cizo, ka nema a asibiti ka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Likita kuwa, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai asibitocin koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ka tabbata likitan yana duba karnuka, don wasu duk aikinsu a kan shanu da kaji yake.

Wurin ajiya ba sai mai tsada ba. Ɗaki ko rumfa mai inuwa wuni guda, iska na ratsawa, ƙasa daɓen siminti don a iya wankewa, ƙofa mai sakata, nesa da yara da awaki da sauran karnuka. Sabon kare zai yi aƙalla mako biyu a nan shi kaɗai.

Magana da mai kare

Kare dukiyar mutum ce, ko da ya wulaƙanta shi. Idan ka kwance shi ka tafi da shi ba izini, kai ne ɓarawo a gaban hukuma, komai kyawun niyyarka. Saboda haka da baki ake farawa, kuma da laushi. Wanda ya yasar da karensa galibi ya san ya yi ba daidai ba, kunya ce ke hana shi neman mafita. Idan ka shiga da faɗa, sai ya rufe ƙofa, karen ya ci gaba da shan wahala.

Ni yadda nake yi, bayan gaisuwa sai in ce: "Ranka ya daɗe, na ga karen nan kamar ba ya jin daɗi, kuma na san hidima ta yi maka yawa. Muna da likita. Idan ka yarda mu ɗauke maka nauyinsa, mu yi masa magani, mu ba wanda zai riƙe shi." Ban taɓa cewa "ka zalunce shi" ba, ko da abin yana cina a rai.

Idan ya nemi kuɗi, ka yi hattara. Ka biya sau ɗaya, gobe wani zai bar nasa ya rame ya kira ka. Idan ya amince, ku rubuta takarda: wane ya miƙa wa wane kare mai kama kaza a rana kaza, ba shi da sauran haƙƙi a kansa. Ya sa hannu, shaida ya sa hannu. Wata uku nan gaba, idan karen ya murmure gashi ya yi sheƙi, tsohon mai shi na iya tunowa da shi. Takardar nan ce za ta raba gardama. Ka karɓi katin rigakafinsa idan akwai. Idan kuwa gidan kango ne ba a san inda mai shi yake ba, ka je wurin mai unguwa, a shaida, a ɗauki hoto, sannan a fitar da shi.

Kafin ka tafi, ka keɓe da maigadi. Shi ya san gaskiya. Baba, ya taɓa cizon wani? Yaushe? Me yake ci? Wa yake yarda ya matso shi? Idan ya ciji mutum cikin kwana goma da suka wuce, likita ne zai fara ganinsa, ba kai ba.

Ɗaukowa

Ka je da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. Ka tsaya nesa ka kalle shi tukuna. Idan ka ga muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, haushinsa ya sauya, yana cizon sarƙa da itace da duk abin da ya samu, ko ƙafafun baya sun shanye, ka ja da baya ka kira likita. Kada wani ya ce maka ƙashi ne ya maƙale masa a wuya ka tura hannu bakinsa. Haka mutane suke kamuwa da haukan kare.

Idan ba ka ga wannan ba, ka matso ta gefe, kada ka zuba masa ido, kada ka sunkuya a kansa. Ka tsuguna ka jefa masa 'yan yankan nama dafaffe, ka yi shiru. Zai iya ɗaukar rabin sa'a, wani ma sai ka dawo gobe da jibi. Karen da ya shekara a ɗaure ya koyi cewa ba shi da wurin gudu, abin da ya rage masa shi ne haƙori. Tsoro ne ke sa shi cizo, ba mugunta ba.

Idan ya saki jiki, ka zura masa igiya mai zarge ta kai kafin a kwance sarƙar. Ka duba wuya da kyau. Na taɓa ɗauko wata karya da aka sa wa sarƙa tun tana ƙarama, ta girma ba a sassauta ba, har ƙarfen ya nutse cikin nama fata ta rufe shi. Irin wannan ba a ja, likita ne zai sa barci ya cire. Idan dole sai an ɗaga shi, a sa masa takunkumi, ko a naɗe bakin da bandeji a ɗaure bayan kunnuwa, amma ba a yi wa karen da ke amai ko haki sosai. A mota, kujerar baya ko keji, tagogi a buɗe. But ɗin mota a watan Afrilu kabari ne. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi.

In tsautsayi ya sa ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana goma.

Abinci: inda tausayi ke kisa

A nan masu kyakkyawar zuciya suka fi yin ɓarna. Ka ga haƙarƙarinsa a waje, ƙashin ƙugu kamar zai huda fata, sai ka cika masa kwano da tuwo da miya. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ba ya iya ɗaukar wannan. Idan abinci mai yawa, musamman na hatsi, ya shiga kwatsam, wasu gishirin jini da zuciya ke aiki da su sai su faɗi ƙasa, cikin kwana biyu zuwa biyar kare ya raunana, wani ya mutu, kai kuma ka ɗauka ciwon da ya zo da shi ne.

Ruwa tukuna, kaɗan-kaɗan. Abinci kuwa, ka fara da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da lafiyayyen kare mai girmansa zai ci a wuni, ka raba shi sau huɗu zuwa shida. Dafaffen ƙwai, naman kaza da aka zare wa ƙashi, tumbi ko huhu da aka dafa ba yaji ba albasa, da 'yar shinkafa. Kowace rana ka ɗan ƙara, har zuwa kwana bakwai ko goma ya kai cikakken ci. Zai dube ka da idon roƙo. Ka daure.

Bayan ya dawo daidai, sau biyu a rana, kuma kada ya yi guje-guje da ya gama ci. Karnuka masu zurfin ƙirji irinsa cikinsu kan kumbura ya murɗe. Idan ka ga ciki ya tashi kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, wannan na sa'o'i ne, ka ruga wurin likita. Albasa tana lalata masa jini, cakulan da inabi guba ne gare shi, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Ragowar abincin gidan biki duk albasa ce, kada ka dogara da shi. Ka shirya da wani mahauci a kwata ya riƙa ajiye maka kayan ciki, ya fi sauƙi kuma ya fi amfani.

Wani abu da ya keɓanci wannan jinsi: idan yana ci kamar gara amma ba ya ƙiba, kashinsa mai yawa, fari-fari, mai maiƙo, ka gaya wa likita. Jaman Shefad na cikin karnukan da aka fi samu da ciwon rashin fitar da ruwan narka abinci. Ana magance shi da garin magani da ake barbaɗawa a abinci har iyakar rayuwarsa, kuma dole wanda zai karɓe shi ya san da haka.

Kaska, fata da allura

Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Na lafiya ja-ja ne. Idan ka gan shi fari kamar takarda, jini ya ƙare, kuma galibi kaska ce sila. Ciwon da kaska ke sa wa kare yana yi wa wannan jinsi illa fiye da sauran, har sojojin Amurka sun yi asarar karnuka masu yawa da shi a yaƙin Biyetnam. Alamarsa zazzaɓi, kasala, rama da haɓo. Zafin jikin kare na lafiya daga digiri 38 ne zuwa kamar 39. Ka sa likita ya gwada jini. Maganin kan ɗauki kwana 28, kuma ba a tsayawa don an ga ya warware a mako na farko.

Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, saboda haka wankan kare kaɗai bai isa ba, sai an yi wa ɗakin feshi an toshe tsagogin. Akwai ƙwayoyin da ake ba kare ya tauna su kashe kaska da ƙuma, irin su NexGard da Bravecto, likita zai zaɓa gwargwadon nauyinsa. Ina roƙonka kada ka shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, kada ka wanke shi da maganin ƙwarin gona ko otapiyapiya. Yana lasar jikinsa, fatar ma tana tsotsewa. Haka maganin ciwon jiki na mutane, irin ibuprofen da diclofenac, yana ƙwaƙule masa ciki ya taɓa ƙoda. Kuma kada ka aske shi ƙwal don zafi. A taje shi kullum a fitar da mataccen gashin ƙasa, na saman shi ke kare fatar daga rana.

Idan ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a cikinsa ko ƙafafu, tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. A toshe ramin da basilin, tsutsar ta leƙo, a matse a hankali ta fito ɗungurum. Maganin tsutsar ciki a ba shi, a maimaita bayan mako biyu. Rigakafi kuwa sai ya ɗan murmure: ta haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma tana yin ta, da haɗaɗɗiyar allurar da ke tare ciwon zawon jini da sauransu. A rubuta komai a kati. Idan an taɓa yin zawon jini a ɗakin, a wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi talatin, don ƙwayar tana yin watanni a ƙasa.

Ka lura da tafiyarsa. Idan yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo, ko tashi na yi masa wuya, gaɓar ƙugu ce ba ta zauna daidai ba, kuma ciwon gado ne a wannan jinsi. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake cewa a dandaƙe namiji, a cire wa mace mahaifa, kafin a bayar. Babban dalilin yana zuwa a gaba.

Gyaran hali

Kare ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da aka halitta wa aiki, zaman banza ke haukata shi, ka gan shi yana zagaye yana bin wutsiyarsa. Makon farko kada ka dame shi. Mutum ɗaya, lokaci ɗaya, murya ɗaya. Daga nan ku fara fita da igiya bayan asuba da kuma gab da magariba. Ka koya masa kalmomi huɗu da ɗan nama a hannu: zo, zauna, kwanta, bari. Da Hausa za ka koya masa idan gidan Hausawa za shi, kare bai san Turanci ba. Duka ba ya cikin horo, abin da ya lalata shi kenan tun farko.

Sai ka gwada shi, yana ɗaure a hannunka, kuma da takunkumi a karon farko. Yaya yake yi idan ya ga akuya ko kaza? Idan yaro ya wuce da gudu? Idan an matso kwanonsa? Idan mutum ya ɗaga sanda? Ka rubuta abin da ka gani, ba abin da kake fata ba. Karen da ke kai wa yara hari ba a kai shi gidan yara, ko da ka ƙagu ka rabu da shi.

Zaɓen gida

Ga babban dalilin da ya sa nake cewa a yi wa kare aikin hana haihuwa kafin a bayar. Wannan kare kuɗi ne. Da ka sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp ka rubuta "kyauta", masu kiran farko su ne masu neman karya su riƙa haifar da ita suna sayar da 'ya'ya, sai dillalai. Akwai kuma fataucin karnuka don nama, ana tara su daga garuruwan Arewa a kai kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, wasu a wuce da su Kudu. Idan ka rubuta cewa an yi wa karen aiki ba ya haihuwa, rabin masu kiran sun watse da kansu. Kada ka sa adireshin wurin ajiya a sanarwa. Kada kuma ka yanka masa farashi, malamanmu sun yi magana a kan kuɗin kare, kuma ba ciniki ka fito ba. Amma ka nuna wa mai karɓa rasit ɗin magani ya mayar da abin da zai iya. Wanda ya ƙi biyan kuɗin allura yau, ba zai biya baɗi ba.

Ka tambaya ba kunya. Gidanka ne ko haya, kuma mai gidan ya yarda? Uwargida ta amince? Wa zai ba shi abinci idan ka yi tafiya? Ka taɓa riƙe kare, ina yake yanzu? Amsar wannan ta ƙarshe ta fi duk sauran. Wanda ya ce "ya mutu, ban san me ya same shi ba" har sau biyu, ka yi masa godiya ku rabu lafiya. Wanda ya ce yana son kare mugu da za a kulle da rana a saki da dare, shi ma haka.

Sannan ka je gidan da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka dubi tsawon katanga, don kare ne mai tsalle. Ka dubi inda inuwa take da ƙarfe biyu na rana, ba da safe ba. Ka gaisa da maigadi ka ga ko yana so ko tilasta masa za a yi, domin a ƙarshe shi ne zai zauna da karen. Mafi dacewa a ganina su ne masu gona ko garke a bayan gari, da magidancin da shi da kansa zai riƙa fita da shi.

Mai karɓa ya zo wurinka sau biyu ko uku, ya ciyar da shi da hannunsa, su yi tafiya tare. Ranar miƙawa ku sa hannu a yarjejeniya: ba sayarwa, ba kyautarwa ga wani, ba ɗauri na dindindin, rigakafi duk shekara, kuma idan ya gaza, wurinka zai dawo da shi ba tare da an zarge shi ba. Ka haɗa masa da katin allura, da abincin kwana uku irin wanda ya saba, da tsumman da yake kwana a kai. Ka faɗi duk aibin karen a gaban shaida.

Ka kira bayan kwana uku, ka je bayan mako biyu, ka sake zuwa bayan wata uku ba tare da ka sanar ba. Ka shafa haƙarƙarinsa, ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu ko kaska ta dawo, ka leƙa kwanon ruwa. Idan ka tarar da sarƙa a gindin bishiya da ƙasa ta zama fili a kewayenta, ka fito da takardar da kuka sa wa hannu, ka tafi da shi a ranar. Shi ya sa ɗakin ajiyar nan ba a cika shi da wani sabon kare sai ziyarar wata ukun ta wuce.